Irin Geron Kaka

Jiya a bakin boda kyasuwa ta maƙale mini a zane, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Shekarar da aka fara Shari'a ta ja ni zaɓen iri a gonarmu ta Magama, mayafinta na ƙamshin daddawa. Na ƙosa, na fizgo zangarniyar bakin gona.

Ta ce, "Aje ta, ɗiyar nan. Kyasuwa ba ta neman bununin kowa, ɗiyarta ita ce sak. Gero kuwa abin da iska ta kwaso yake ɗauka. Wannan ya sha na geron daji, baɗi zubewa zai yi kafin girbi."

Ban tsaya koyo ba. Bana ni na zaɓi irin, mu tara ke jiran rumbun. Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya sa ba yunwa na shuka mana ba.