Na'urar Kawu Sale da Ƙaryar da Na Yi Masa

Assalamu alaikum. Kusan shekara guda ke nan ba ku gan ni a nan ba. Masu cewa ko wayata ce ta lalace, a'a. Ido ne.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Labarin Mukhtar da na yi wata biyu ina karanta wa Umma da matan maƙwabta bayan la'asar, babu shi a cikin littafin. Ni nake ƙirƙirarsa. Littafin kawai nake riƙewa ina juya shafi, don rubutun ya riga ya zame mini hayaƙi.

Da jan ido abin ya fara, da hawaye in na fita rana. Na sayi maganin ɗigawa a kemis. Ya lafa, ya dawo. Na yi shiru, domin na san abin da za a ce: "Ai ga irinta nan, littattafan soyayya." Kuma an faɗa ɗin.

Ranar da asirina ya tonu, miya na zuba a gefen kwano. Umma ta ɗaga hannu ta ce, "Hafsatu, yatsu nawa ne nan?" Na ce uku. Ashe ludayi ne a hannunta.

Daga Kibiya muka tafi Rano, daga Rano aka tura mu asibitin ido a Kano. Layi, yankar kati, ɗigon da ke buɗe ƙwayar ido, ka ɗora haɓa a kan ƙarfe a dalle ka da fitila. Baba ya sayar da gyaɗarsa, Umma ta sayar da tunkiyarta.

Likitar ta ce kumburi ne a cikin ido ya jawo hawan jinin ido, maganin kemis kuma ya ƙara rura wutar. Ta tambaye ni yaushe na fara gani dishi-dishi. Da na faɗa mata, sai na ji ta ajiye biro.

"'Yata, kunya ta ci miki idon dama. Na hagun za mu yi yaƙi a kansa."

Aka yi mini aiki. Wata huɗu ba na ganin komai sai haske da inuwa. Na ji tsoro ƙwarai. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne masu dubiya, ina zaune a gabansu suna tambayar Umma, "Ta ci abinci kuwa?" Kamar kunnen ma an yi masa aiki.

Kawu Sale ƙanin Umma ne, gyaran rediyo yake a kasuwar Rano. Sati uku ya yi yana haɗa mini na'urar ɗaukar murya da gangar jikin wata rediyo mai memori, don in riƙa adana abin da ke raina. Ya danƙa mini ita yana murna.

"Ga ta, 'yar gidan Kawu. Jan maɓallin na ɗauka ne, koren na saurare."

Ja da kore. Ga wadda ba ta gani.

Maɓallai huɗu, duk sumul, girmansu ɗaya. Haka na lallaɓa na ɗauki babi biyu na labarin Mukhtar, ina raɗa a ɗaki. Washegari zan ci gaba na taɓa wani maɓalli daban. Sai muryata ta cika gidan har zaure, inda Baba ke zaune da limamin unguwarmu:

"Ya Mukhtar, ko Rano za ta tashi ta koma Kibiya, ba zan daina son ka ba!"

Na ji Liman ya ce, "Alhaji, wace tasha ce wannan?"

Baba ya ce, "Ta cikin gida ce, Malam."

Garin kashewa na danna na sharewa, don a gefensa yake. Babi biyun suka tafi. Na tura na'urar ƙasan akwati.

Duk zuwan Kawu sai ya tambaya, "Tana aiki?" Ni kuma in sunkuyar da kai. "Sosai, Kawu. Allah ya saka da alheri." Yaya za ki dubi kawunki ki ce kyautarsa ba ta yi ba?

Idon hagu ya buɗe a hankali. Abin da na fara gani sosai shi ne furannin zanen Umma. Yanzu ina karatu da tabarau, in an ƙara wa rubutu girma. Na dama kam ya tafi.

Shekaranjiya Kawu ya zo. Wai zai haɗa guda goma ya raba wa makafi a ƙauyukan Fassi da Saji, sadakar samun sauƙina. "Irin taki sak, tunda kin ce ba ta da matsala."

Yana tafiya na ɗauko biro da takarda.

Na rubuta masa wasiƙa da manyan baƙaƙe. Na ce kowane maɓalli a ba shi siffarsa, ko da dutsen carbi ne a manna wa na ɗauka. Na sharewa a kai shi baya, cikin ɗan rami. A yi mata wajen saka abin kunne, yadda mace za ta saurara a ƙarƙashin hijabinta ba sai unguwa ta ji ba. Na ce ya ɗaure idonsa ya gwada da kansa, sannan ya tambayi masu riƙe ta, su da bakinsu, ba 'yan rakiyarsu ba.

Umma ta karanta ta ce, "Hafsatu, kawunki ne fa. Ko kunya?"

Na ce, "Umma, kunya ta karɓi ido ɗaya. Ya ishe ta."

Alhamdulillahi. Baba, Umma, likitata, da duk wanda ya yi mini addu'a, Allah ya biya ku. Ku kuma, in ido ya yi ja ko gani ya ragu, kada ku ɗiga abin da likita bai rubuta ba, kada ku ɓoye ko na kwana ɗaya. In kun je dubiya, ku yi magana da mai ciwon. Littafi bai makantar da ni ba, shiru ne.

Matan layinmu, labarin Mukhtar nawa ne, kuma zan ƙarasa muku shi.

Wasiƙar tana cikin jakata. Gobe zan shiga Rano in saka wa Kawu ita a hannu, in tsaya har ya karanta. Na haɗa masa da ɗankwalin ɗaure idon.