Ɗorawar Inna

Lokacin da na sayi filin gidana a Tarauni, in ka tsaya a bakin hanya kana hango gonaki har wajen Darmanawa, ga kuka nan, ga tsamiya can, kowace ita kaɗai a tsakiyar gero. Yau in na fito zuwa masallaci katanga nake gani, da shaguna, da ɗakunan haya na ɗalibai masu koyon aikin asibiti. Inuwar da ta rage daga nan har Gyaɗi-Gyaɗi kusan duk ta darbejiya ce.

Mahaifiyata ba ta taɓa zama a ƙarƙashin darbejiya ba. Inna muke ce mata.

A wani ƙauye na kudancin Kano aka haife ni, a tsakiyar daji. A can gona ta namiji ce, amma itace yana iya zama na mace. Ba a shuka ɗorawa. Da kanta take fitowa, wanda ya fara ganin tsiron ya kauce masa da fartanya, ya kewaye shi da ƙaya, ta zama tasa ke nan, ko a gonar wa take. Inna ta gaji tata daga kakarta. Kalwar ta yi daddawa, garin ya shiga kunu, ɓawon a jiƙa a yi daɓen ɗaki da ruwansa. Ba ta taɓa roƙon mahaifina kayan miya ba.

Ina yaro Baturen daji ya zo da malamansa. Suka share layi, suka tara duwatsu a kusurwoyi, aka ce daga nan zuwa can gandun daji ne, ƙauyenmu ya koma waje, gonakinmu da ɗorawar Inna suka faɗa ciki. Aka yanka wa maza sababbin gonaki, gona a madadin gona. Ba wanda ya yi maganar itatuwan mata, domin a wajen Bature itace ƙasa yake bi. Da bazara Inna ta koma tsinko 'ya'yan ɗorawarta, malamin daji ya karɓe ƙugiyarta ya karya a gabanta. Daga baya muka ji an sare wani ɓangare an jera darbejiya layi-layi, don itacen girkin birni. Ko tata na cikin waɗanda aka sare, ba ta sani ba har ta mutu.

Ni boko ta ɗauke ni, aikin tafinta ya yi ta yawo da ni. A Hartum na tarar da darbejiya a jere bakin titi, haka a arewacin Gana, kamar hannu ɗaya ne ya dasa su. A wani ƙauye kusa da Bamako kuwa na ga mata suna rabon ɗorawa, nere suke ce mata, kowace ta san tata. Na daɗe ina kallonsu har direba ya gaji.

Bayan rasuwar mahaifina na ɗauko Inna na kawo ta Tarauni. Ɗakinta da fanka, abinci na zuwa kan lokaci, amma kullum ƙullin kayanta a ɗaure yake. Na tambaye ta dalili.

"Macen da ba ta da itace baƙuwa ce," in ji ta.

Da damina ta faɗi sai ta hana kowa sharar bayan ɗakinta. Ita ke yi, a durƙushe, da hannu. Idonta ya riga ya yi rauni, don haka in ta laluba ta ji tsiro sai ta tsinki ganye ɗaya ta sa a baki. In tsaya daga nesa ina kallon fuskarta. Ta yamutsa, ta tofar, ta tuge shi. Jemagu da tsuntsaye ne ke yar da 'ya'yan darbejiya ko'ina.

Wata tafiya na dawo mata da kalwa ɗanya a aljihu.

"Inna, ga iri. Mu binne a nan, in riƙa ba shi ruwa."

Ta juya ƙwayoyin a tafin hannunta, ta shinshina, ta miƙo mini.

"Ka zama Baturen daji ke nan? Saura ka ja igiya ka jera su."

"Ɗaya tak, Inna."

"Wadda ka shuka taka ce, Malam. Tawa samunta zan yi."

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan da ke jikin namu, tana shigowa auna jinin Inna. Ta ji wannan magana, da na raka ta ƙofa ta rage murya.

"Baba, kai ma dai. Ka tura ƙwaya ɗaya a ƙasa in ta shiga sallah mana. Wa zai gaya mata?"

"Za ta tambaye ni."

"Sai ka ce ba ka ji ba, ai kunnenka ma ya fara tafiya."

Muka yi dariya. Amma na san Inna. Da ta ɗanɗana ta ji ba ɗaci, ni za ta fara kira, ta ce in rantse. Na zuba kalwar a gwangwani.

Haka Inna ta yi ta yi damina bayan damina. Gidaje suka cinye gonakin Daurawa da Darmanawa, shanun Fulani suka daina ratsa unguwar, yara suka daina yawo da garin ɗorawa a baki suna tofar da ƙwaya. Babu abin da zai kawo iri bayan ɗakinta. Na gane haka tun da wuri, ina jin ita ma ta gane, amma ba mu taɓa faɗa wa juna ba. A daminarta ta ƙarshe ba ta iya durƙusawa, ni nake tsinko mata ganyen in kai mata kan tabarma. Duk masu ɗaci ne.

Yanzu ni kaɗai ne a gidan. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya suna garuruwan aikinsu. Da suka zo za su shafe tsakar gida da siminti, na ce su bar bayan ɗakin nan. Suka bari don kada su ɓata mini rai, ba su tambayi dalili ba. Ko sun tambaya, sai na fara bayyana musu yadda mutum zai mallaki abin da bai saya ba, bai shuka ba, a ƙasar da ba tasa ba.

A Tarauni yau duk itacen da ka gani wani ne ya sayo shi a leda ya dasa, kuma na mai filin ne. Mace ba ta ƙara gadon itace a zuriyarmu ba tun daga kan Inna.