Ashanar Inna Mai Shara

Shekara goma sha bakwai Inna Mai Shara ta yi tana share ƙaramin asibitin unguwa, kuma a ganinta rigar likita kawai ta rasa. Daga tafiyar mace ta san cikinta wata nawa ne. Idan ta jingina tsintsiya ta fara ba da shawara a layin awo, nas sai ta leƙo ta taga ta ce, "Inna, a bar mana aikinmu mana."

Haihuwarta tara cikin shekara goma sha uku. A zamaninta, mai son tazarar haihuwa sai ta yi tafiyar yini guda, ta isa a ce mata maganin ya ƙare. Yanzu kuwa ga ƙwaya, ga allura, ga 'yar robar nan da ake sa wa mace a ƙarƙashin fatar damtse ta huta shekara uku. Don siririya ce, mata suka sa mata suna ashana. Duk suna cikin durowar da Inna ke gogewa kullum da safe.

Sai ga shi bakin nan nata ya mutu a kan 'yarta ta cikinta. Auta ta haifi uku a jere, tana goyo tana ciki, a na ƙarshen har sai da aka ƙara mata jini. Nas ta ja Inna gefe ta ce idan wani cikin ya biyo baya yanzu, ba ta san yadda za a kwashe ba. Auta na son a sa mata ashanar, amma ta ce ba za ta yi a ɓoye ba, sai mijinta ya sani, kuma ita ba ta iya faɗa masa. Mijin mai kanti ne, mutumin kirki, sai dai in aka yi masa magana a dunƙule, a dunƙule yake ɗauka.

Inna ta kwana uku tana shirya jawabi. Da ta kira shi a waya, kunyar suruki ta cinye jawabin duka.

"Malam, dama... yarinyar nan ce. Ashana take buƙata. Ka zo asibiti gobe."

"Ashana, Inna? Ai wannan ba abin damuwa ba ne!"

Ta kashe waya tana murna, ashe yaron wayayye ne.

Washegari da hantsi ya shigo, katan guda a kafaɗa, ya dire shi gaban matan da ke layi. "Ga ta nan, Inna, mai kyau ce, ba ta jin sanyi." Mata suka leƙa, suka ga kwalayen ashanar kunna wuta, sai dariya ta ɓarke. Wata mai tsohon ciki har da riƙe benci.

Inna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta dubi Auta a ƙarshen layi, wuya ya zurma, jariri a baya, sai tsoro ya fi kunyar ƙarfi. Ta zaro tsinke ɗaya ta ɗora masa a tafin hannu.

"Malam, wadda nake nufi kamar wannan take, a hannu ake sawa, ciki ya dakata. Ina da ƙanwa, haka ta yi ta haihuwa a jere, a ta biyar ta tafi ta bar mini su. Ba na son in sake rainon marayu."

Ya daɗe yana kallon tsinken. Sannan ya juya ga matarsa. "Ke kina so?"

Ta gyaɗa kai.

"To me ya hana ku faɗa mini da baki? Na rufe kanti na ɗauko katan!"

Da kansa ya riƙe jaririn har aka gama, yana ta tambayar nas ko da zafi.

Katan ɗin dai ya ƙi karɓa, wai kyauta ce. Yau shekara biyu Inna tana kunna risho da shi, ko rabi bai yi ba. Auta ta yi ƙiba, ta koma kan keken ɗinkinta, ƙaramin yana gudu tsakar gida babu mai ture shi daga cinya. Duk safiya in Inna ta ƙyasta ɗaya sai ta yi dariya. Wata rana kuma takan riƙe tsinken har ya kusa ƙona mata yatsa, tana tuna ƙanwarta, wadda ashanar asibitin ba ta zo da wuri ta same ta ba.