Shekarar da Na Tsinke Furen Kabewa

A gidanmu na Badarawa akwai wani ɗan fili bayan kicin, tsakanin katanga da tankin ruwa. Bai wuce taku shida ba. Shi kaɗai ya rage da ƙasa, sauran tsakar gidan duk siminti ne. Wata shekara maigidana ya ce shi ma za a shafe shi, don ya gaji da taɓon da ake kwasowa har falo da damina. Na roƙe shi ya bar mini wurin in gwada shuka.

Ya ce, "To Hajiya, damina ɗaya. In kin fitar da abin miya a wurin, naki ne. In ba haka ba, ruwa na ɗaukewa magini zai zo."

Na ce na yarda.

Irin da nake da shi na wata kabewa ce da babbar 'yata ta kawo mini tsaraba daga Jos, inda take aure. Ban taɓa ganin irinta ba: doguwa ce mai wuya kamar gora, bawonta sumul, launin ƙasa mai haske, cikinta kuwa ja da zaƙi. Ta ce kabewar Turawa ake ce mata. Da muka cinye, na wanke 'ya'yan, na shanya a faifai, na ƙulle a tsumma.

Da ruwa ya zauna na haƙa rami uku, na zuba kashin kaji da toka, na saka ƙwaya bibbiyu. Ba a yi mako ba suka tsiro. Cikin wata guda yaɗo ya rufe ƙasa, ya kama ƙafar tanki, har ya fara laluben igiyar shanya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗauki 'yar kujerata in zauna wurin kafin in hura wuta.

Sai fure ya fito, rawaya, manya kamar bakin mazurari. Na lura iri biyu ne. Wasu akwai ɗan ƙullutu a gindinsu, siffar kabewar sak amma bai fi yatsa ba. Wasu kuma, su ne ma suka fi yawa, a kan siririn tsinke suke, babu komai a ƙasansu. A ƙauyenmu kabewa a kan danga take fitowa ta haihu, ba mai kula ta, don haka ban taɓa tsayawa duba furenta ba. Amma na taso ina ganin babana yana rage gero a gona, ya cire marasa ƙarfi don sauran su samu abinci. Sai na ce a raina wannan baƙuwa ce, tana buƙatar hidima. Kowace safiya na bi furannin da ba su da ƙullutu na tsinke su tun ba su buɗe ba, na watsa wa kaji.

'Yan kabewar sai su yi kwana uku, su yi rawaya, su yamutse, su faɗi. Na ƙara taki, na rage taki. Na ɗaura laifin a kan ruwa, na ɗaura a kan inuwar tanki. Maigida kuwa in ya zo alwala sai ya ɗan leƙa ya wuce. Ga damina ta raba tsakiya.

Wata ranar Asabar ƙawata ta zo daga Kurmin Mashi. Benci ɗaya muka zauna a makarantar yaƙi da jahilci, ita ce mai ara mini fensir. Mahaifinta ɗan lambu ne a bakin kogi, a cikin kayan lambu ta girma. Na kai ta bayan kicin na yi mata ƙorafi. Ta tsuguna tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya.

"Ke ƙawata, ina mazan?"

"Waɗanne maza?"

"Furen da ba shi da ɗa a gindi. Ban ga ko ɗaya ba."

"Ai na banza ne, kaji nake ba."

Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har ɗankwalinta ya zame. "Innalillahi! Kin kori angwaye kin bar amare a lalle! To da wa kike so su haihu, da tanki?"

Ni ma sai da na dara, kunya kuwa ta rufe ni. Ta ce in bar su su buɗe. Kuma tunda gidan katanga ce ta ko'ina, ƙudan zuma ba ya shigowa sosai, sai in yi aikin da hannuna. In tsinko namijin da sassafe, in yage ganyen furen, in goga ɗan garin da ke tsakiyarsa a cikin ta macen kafin rana ta sa ta rufe.

Sai da na jira kwana biyar kafin namiji da mace suka buɗe rana ɗaya. Ina duƙe ina gogawa a hankali maigida ya dawo daga masallaci da carbi a hannu.

"Hajiya, me kuma ake yi?"

Na ce, "Malam, ɗaurin aure ne."

"Babu waliyyi, babu goro?"

"Ga ka nan ai, ka zama shaida."

Ya girgiza kai ya shige ɗaki, ina jin dariyarsa.

Na ci gaba da yin haka duk safiyar da suka buɗe, har guda huɗu suka kama. Ɗaya ta ruɓe don ta kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na sa wa sauran fasasshen tayil a ƙarƙashi. Can ƙarshen damina ganyen ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, na yi ta fargaba. Amma ukun nan suka daure har bawonsu ya yi taurin da farce ba ya shiga, karansu ya bushe.

Na aika wa ƙawata ɗaya, na ajiye ɗaya ƙarƙashin gado. Ta ukun na yi miyar taushe da ita ranar Juma'a, da tuwon shinkafa. Maigida ya ci, ya nemi ƙari, bai tada maganar fili ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan mako biyu na ji sallamar magini da buhun siminti a kan babur. Na fito da sauri. Na tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Maigida ya zagaya da shi baya, ya ja layi da ƙafarsa a bakin filin.

"Nan za ka jera bulo ɗaya-ɗaya, ka yi mata iyaka, kada ƙasar ta riƙa gangarowa. Cikin kuma ba ruwanka, na Hajiya ne."

Da yamma ya buɗe bayan motarsa ya sauke mini buhun takin shanu da ya biya unguwar Kawo ya sayo. Kwana uku yana mitar warin ya ƙi barin motar.