Auta Mai Aron Wayata

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha biyu ga watan Mayu, ina tasha ana yi mini lodi, mijinki ya kira ni ya ce kin cika. Auta, ke ce ƙaramarmu. Mun ɗauka ke za ki yi mana addu'a a bayanmu, sai ga shi mu muke yi miki.

Duk gidanmu an san ki da naci. Tunda kika fara aiki a shagon buga takardu, babu wayar da ta tsira daga hannunki. Sai ki karɓa, ki buɗe wa mai ita ma'ajiya a intanet, ki ce ko wayar ta ɓata, hotuna da takardu suna can. Ni kika fi sa wa ido, domin a wayata kaɗai hotunan marigayi Baba suke, har da bidiyon da yake sa wa jikokinsa albarka. Ni kuwa da taurin kaina, gani nake data kawai abin yake sha. Kina juya baya nake kashe shi.

Wata biyu da suka wuce, kina kwance a asibiti, na sunkuya ina duba taya, wayar ta suɓuce daga aljihuna, wata mota ta bi ta kanta. Mai gyara ya juya ta ya sake juyawa, ya ce sai haƙuri. Wallahi ba wayar na yi wa kuka ba. Ji na yi kamar a ranar Baba ya sake rasuwa, kuma da hannuna.

Kwana tara ina zuwa duba ki, ina zama a kujerar roba kusa da gadonki, na kasa faɗa miki. Ranar da na buɗe baki, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai kika yi ta dariya har tari ya sarƙe ki.

"Yaya, ai na san halinka," kika ce. "Kana tsammanin da gaske cajina ne yake ƙarewa duk sanda na ari wayarka?"

Ashe shekara uku kina kunna abin da nake kashewa, ba ki taɓa kunyata ni a gaban yara ba. Kika rubuta mini lambar sirri a bayan takardar magani. Da na sayi sabuwar waya, tare muka buɗe, ga Baba nan da farar hularsa. Sau uku kika sa na maimaita miki bidiyon.

Sauran ban gani ba sai bayan rasuwarki, da na zauna ina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk sanda kika kunna, sai kin ɗauki kanki hoto don ki tabbatar ya shiga ma'ajiyar, sannan ki goge daga wayar kada in gane. Suna can, guda goma sha bakwai. A wani kina yi mini gwalo. A wani kina goye da ɗanki. A na ƙarshe kin rame, amma gwalon yana nan. Na yi dariya, na yi kuka, har matata ta karɓe wayar daga hannuna. Ina kewarki, Auta, ina kewar nacin nan naki.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da mijinki, da 'ya'yanki biyu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya raya su bisa alheri. Idan sun girma zan nuna musu fuskarki, duka goma sha bakwai. Ba zan sake kashewa ba, Auta, na yi miki alkawari.