Duwatsu Uku a Gindin Katanga

Aikin da na fara samu bayan bautar ƙasa shi ne ƙirga mutanen da titi zai taɓa. Haka nake gaya wa mahaifiyata, don in na ce mata nazarin tasirin aiki ga muhalli da al'umma, sai ta ce in yi mata Hausa. Ofishinmu wani bene ne a Gyadi-Gyadi, ƙasa masu sayar da tayil, sama mu. In za a gyara titi da kuɗin masu ba da tallafi na waje, sai an fara tura irinmu mu bi hanyar da ƙafa, mu rubuta bishiyar da za a sare, inda ruwa zai bi, katangar da za a rushe, da wanda sana'arsa za ta tashi. Sai rahotonmu ya shiga kafin katafila ta shigo.

Shugabarmu wata mata ce da kowa yake kira Dakta. Ta daɗe tana wannan aiki a wuraren da yaƙi ya ɗaiɗaita, can wajen Tafkin Chadi da tsallaken iyaka, inda gada za ta karye a shekara ba wanda ya leƙa. Daga can ta taho da fom ɗin da muke cikewa. Fom ne mai gida-gida: gidan mai shago, gidan mai tebur, gidan mai bishiya, har da wani gida na mutumin da rikici ya kora, wanda ba ya nan ranar ƙidaya amma an san wurinsa ne. Wannan gidan mukan tsallake shi, don a Kano muke.

Akwai ƙa'ida ɗaya da Dakta ba ta wasa da ita, ita ce ranar rufe ƙidaya. Wanda aka samu a bakin titi kafin ranar, ya shiga. Wanda ya ɓullo bayanta, Allah ya ba shi haƙuri. Ba zan ce ƙa'idar banza ce ba. Da idona na ga yadda rumfuna suke tsirowa da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin diyya, mutum ya kafa langa-langa huɗu jiya, yau ya rantse maka a nan aka yanke masa cibiya. Mutanenmu ke nan, kuma ni ma nasu ne.

Titin da aka ba mu wani ne da ya ratsa Tarauni ya miƙe wajen Unguwa Uku. Kwaltarsa ta daɗe da mutuwa, da damina kuwa sai ka naɗe wando. Za a faɗaɗa shi, a yi masa magudana hagu da dama. Masu sana'ar bakin titi duk za su tashi, amma wanda sunansa ya shiga takardarmu za a ba shi rumfa a wani fili da aka ware kusa. Ɗan kwangila yana gaggawa don ya riga ruwan sama, saboda haka aka ba mu mako biyu. Makon biyun nan suka faɗo a tsakiyar azumi, cikin zafin bazara.

Mu biyu ne a ɓangaren da aka ba ni. Ni da fom da biro, abokin aikina da kyamara da na'urar da ke ɗaukar lambar wuri. Kirista ne ɗan kudu, amma haihuwar Unguwa Uku, in yana zuba Hausa sai ka ji kunyar taka. Mukan fita da sassafe mu yi ta tafiya har rana ta take, sannan mu nemi inuwa. Kullum in sha ɗaya ta yi sai ya fara mita.

"Wai wannan titin ba mai abinci ne? Tun daga farko har nan ko mai ƙosai ban gani ba."

Ni kuma in ce, "Ka yi azumin dole, ladan dai ba naka ba ne."

Sai mu yi dariya mu ci gaba. Kwana goma yana faɗar maganar nan, kwana goma ina ba shi amsa iri ɗaya. Duk abin da aka biya mu mu gano, shi ne yake faɗa da bakinsa, ni kuwa ina tsokanarsa.

A kwana na shida muka iso gindin katangar wani tsohon gidan bulo. Ba kowa a wurin. Duwatsu uku ne a ƙasa, da baƙin hayaƙi da ya hau katangar har ya wuce tsayina. Abokina ya ɗauki hoto, ya karanto mini lambar wurin. Na duba fom na rasa gidan da zan sa su, sai na rubuta a ƙasa, wajen ƙarin bayani: duwatsu uku, ba mai su. Muka wuce wajen mai facin da ke gaba.

To wurin nan na san shi kamar yunwar cikina. Wurin Inna ne, wata dattijuwa mai sayar da garau-garau da ɗanwake. Tun ina ɗalibi nake cin abincinta, in na sauka daga mota sai na ratsa. 'Yan adaidaita sahu, kanikawa, leburorin gidan bulo, duk a bencinta ake haɗuwa daga hantsi zuwa la'asar. Ta san ba na cin albasa, ba sai na faɗa ba. Amma ranar, da maƙoshi a bushe da rana a ka, na tsaya a kan murhunta ban tuna da ita ba. Na sha tambayar kaina yadda aka yi. Amsar da na samu ita ce mai azumi in ya ga titi ba abinci, daidai yake gani. Idonsa ma kaucewa yake yi daga inda tukunya take zama.

Sauran masu abincin ba su yi asara ba. Suna gari, sun ji sanarwar mai unguwa, suka biyo mu har ofis aka rubuta su, masu shayi da masu awara da sauransu. Inna ce kaɗai ba ta ji ba. Al'adarta ce duk shekara, da an ga wata sai ta kai bencinta da tukwanenta gidan maƙwabta, ta tafi ƙauyensu wajen Bunkure ta yi azumi tare da yayarta. Ba ta dawowa sai ta gama sittu shawwal. Ranar rufe ƙidaya ta wuce tana can.

Bayan salla da kamar kwana goma yunwa ta kai ni wurin. Ga ta zaune, wuta tana ci a kan duwatsun, an shafa jan fenti a katangar bayanta. Ta zuba mini, ta ture albasar gefe, sannan ta nuna fentin da ludayi.

"Ɗan nan, an ce ku ne masu rubutun. An ce kowa ya samu lamba. Tawa fa?"

Na ajiye cokalin. Na ce, "Inna, bari in duba miki."

Ba abin da zan duba, na san abin da na rubuta. Na koma ofis na shiga wajen Dakta na gaya mata komai, har da cewa abincin matar ne ya raine ni. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kai ɗan gari ne fa. Don irin wannan aka ɗauke ka."

Na ce haka ne. Sannan na kawo dabarar da na taho da ita a hanya: mu sa ta a gidan nan na wanda ba ya nan ranar ƙidaya.

Dakta ta ce, "Wane rikici ne ya kore ta? Azumi?"

Na ji haushi, na ce ai duk rashin nan ne, ko bindiga ko ibada. Ta ce ta yarda, amma ba ita ta rubuta ƙa'idar ba, kuma masu kuɗin suna turo mai bincike. In ya kama ƙarya ɗaya a takardar, zai yi watsi da ita gaba ɗaya, duk waɗanda muka rubuta su koma jiran wata shekarar. Ta ce hanya ɗaya ce, kwamitin ƙorafi. Za ta rubuta wasiƙa da hannunta ta goyi baya, kuma ta rubuta.

A ƙofar gidan mai unguwa kwamitin ya zauna, wata Asabar da hantsi. Na zaci mutum biyu ko uku za su zo. Ina! Layi har bakin lungu, kowa da labarin ya yi tafiya da azumi. Akwai wanda ya ce Umara ya je, alhali na gan shi yana lodin yashi a makon. Akwai wanda fentin kes ɗinsa na sayar da kaya bai gama bushewa ba. Inna tana cikinsu, ta sa mayafinta na zuwa biki, 'yan adaidaita huɗu sun ajiye aiki sun rako ta shaida.

Wakilin masu aikin wani mutum ne mai sanyin magana, kuma ba mugu ba ne. Ya ce kowa a layin nan ya zo da shaidu, in ya buɗe wa ɗaya ya buɗe wa duka. Abokina ya miƙa masa hoton, ya nuna baƙin hayaƙin, ya ce wannan ba na wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba ne. Mutumin ya duba da kyau, ya ce ya ga hayaƙi, amma hayaƙi bai faɗi sunan kowa ba. Mai unguwa ya ce shi ya san ta. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san sauran ma." Kuma gaskiya ne, rabin layin 'yan'uwan matan mai unguwar ne.

Daga nan wakilin ya juyo gare ni da fom ɗin a hannunsa.

"Malam, rubutunka ne wannan?"

"Nawa ne."

"Ranar da ka rubuta, ka ga matar nan a wurin?"

Da zan iya cewa na gan ta, na manta ne ban sa ba. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Amma ga hoton a gabansa, wuri fayau, kuma ga abin da hannuna ya rubuta. Na ce ban gan ta ba. Na fara ƙara bayani, cewa na san ta shekara da shekaru, sai Inna ta katse ni.

"Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Ba na nan. Ina gida ina azumi."

Mutumin ya rubuta wani abu ya ce a kira na gaba. Duka zaman nata bai kai minti goma ba. Ɗaya daga cikin 'yan adaidaitan ya bi ni da wani kallo, ya tofar da yawu, ya ce boko dai bai yi ba. Ni dai ban ga inda ya yi kuskure ba.

A rahoton ƙarshe Dakta ta sa sakin layi guda, cewa nan gaba kada a yi ƙidayar masu sana'a cikin azumi, ko makon salla, ko lokacin girbi. Ni ta sa na rubuta shi. Yana can wajen ƙarshen littafin, bayan taswirar magudanai. Na ji an ce an yi aiki da shi a wani titin, a wata jihar.

Titi ya yi kyau, wannan ba gardama. Ruwa yana bin hanyarsa, mai ciki tana isa asibiti ba a girgiza ta ba, masu rumfa suna filinsu kowa da lambarsa. Ranar da aka haƙa magudanar gindin katangar ina wurin. Direban tifa ya ɗauki ɗaya daga duwatsun ya tare tayarsa da shi, sauran biyun suka bi ƙasar da aka kwashe.

Inna ta koma dafawa a gidan da take haya, ta zuba a kula ta ɗora a baro. Filin rumfuna ba a barin mai baro ya tsaya, bakin sabon titi ma haka, saboda haka sai ta riƙa zagaye, yau bayan gareji, gobe bakin makaranta. Masu cin abincinta ba su san inda za su same ta ba, yunwa kuwa ba ta jira, suka koma wajen wasu. Ga gwiwa ta fara ba ta matsala. Nakan neme ta in na samu sarari, wani lokaci in dace, wani lokaci in gaji in ci a wani wurin. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kunya ce ta hana ni, kuma har yau ina jin ta.

Ganina da ita na ƙarshe saura kwana uku a kama azumin shekarar da ta biyo baya. A wani lungu ne bayan Gyadi-Gyadi, ta jingina baron da bango tana zaune a kan bulo. Ta zuba mini a roba, ta tsince albasar da cokali ɗaya bayan ɗaya. Na ci a tsaye, don ba benci. Da zan tafi ta kira ni.

"Ɗan nan, jibi zan tafi gida azumi. In za ku sake rubutun, ka gaya musu ina dawowa."

Na ce to, Inna.

Bayan salla na zaga lungunan nan sau da yawa ban ga baron ba. Wani kanike ya ce mini ya ji ta zauna can wajen yayarta. Fom ɗin yana nan a ofis cikin fayil, lambar wuri a sama, hoto a manne, a ƙasa kuma rubutuna: duwatsu uku, ba mai su.