Kilishin da Inna Ta Aika Doha

Haɗeja zuwa Kano

Kafin kiran assalatu na shiga motar Kano, ban runtsa ba don murna. Ga hawa jirgi karo na farko, ga tikitin kallon gasar kofin duniya da yayana Sani, mai aikin gadi a Doha, ya saya mini da na gama bautar ƙasa. Inna kuwa ba ƙwallo ce ta dame ta ba. Ta damƙa mini ƙunshin kilishi, ta ce in kai wa Raman, direban nan ɗan Indiya da ya yi jinyar Yaya lokacin korona, sa'ad da kowa ke gudunsa. Ta ce kada in dawo mata sai ya ci.

Doha

Mun yi kusan awa bakwai a sama, in ban yi kuskure ba. Duk hanya ina fargabar a ƙwace kilishin. Jami'in kwastan ya ɗan duba jakata, ya ce "yalla", wato in tafi, na wuce kamar in yi tsalle.

A masaukin su Yaya da ke unguwar Mesaimeer muka ci shinkafa da kaza, sannan na fito da saƙon. Yaya ya dafe kai. Ashe Raman mabiyin addinin Hindu ne, ba ya cin nama, balle na saniya. Yaya bai taɓa gaya wa Inna ba.

Al Rayyan

Washegari da la'asar Raman ya ɗauke mu zuwa filin wasa. Dattijo ne siriri mai furfura. Ko'ina tutoci da ganguna, ni kuwa ƙunshin na kan cinyata. Da ƙyar na faɗa masa da Turanci cewa kilishin saniya ne Inna ta aiko masa, ina ta ba da haƙuri.

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a wurinsu ran da ke cikin saniya da nasa da na Yaya duk ɗaya ne, suna kiransa atman, kuma a ganinsu ba ya rabe da Ubangiji. Ya nuna wani yaro riƙe da ƙwallo, ya ce iskar cikinta da ta waje ai ɗaya ce, fata ce kawai tsakani.

"Shi ya sa ban guji yayanka ba. Wa zan guda? Kaina?"

Wataƙila ban fahimce shi duka ba. Amma na daure na ce mu a wurinmu Mahalicci daban, halitta daban.

"Na sani, ƙanena. Yayanka ya sha gaya mini, yana tari yana wa'azi."

A bakin ƙofar filin wasan Raman ya haɗa tafukansa ya sunkuya wa ƙunshin, ya roƙe ni in raba wa masu gadi, Hausawan zangon ƙasar Gana da 'yan Sakkwato da ke tsaye tun safe. Nan take suka cinye, har da lasar yatsu. Ya ce in gaya wa Inna ya ƙoshi. Wasan ya yi daɗi, na yi ihu har muryata ta dushe.

Gida

Bayan mako guda na sauka Haɗeja da magariba. Ko takalmi ban cire ba Inna ta tambaya ko ya ci. Na kwashe komai na faɗa mata, ina jiran faɗa.

"Allah ya shirye shi, mutumin kirki. In yayanka ya zo hutu zai koma, dakkuwa zan daka ya kai masa. Ita dai ba ta da rai ko?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Raman.